Kafin Ka Ce "Hey" ga Babba

'Ya'yana, akwai wani ɗan yanki na nahawun Turanci da littafin makaranta ke ba shi rabin shafi, malami ya karanta shi cikin 'yan mintoci ya wuce, ɗalibi kuma ya ɗauka ya gama da shi tun yana firamare. Ina nufin kalmomin motsin rai, waɗanda Bature ke kira *interjections*, irin su *oh* da *ah* da *wow* da *ouch* da *alas* da *hey*. Na yi shekaru ina koyar da Turanci a makarantun sakandare tsakanin Gusau da Tsafe da Bunguɗu, na duba takardun insha'i har idona ya nemi tabarau, yanzu kuma ina zaune a Damba ina jin hirar ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau da ke haya kusa da mu. Abin da na daɗe ina gani shi ne, yaro zai kwana yana haddace sauye-sauyen aikatau da dogayen kalmomi masu cika baki, amma abin da zai kunyata shi a gaban babba, ko ya zubar masa da maki a jarrabawa, sau da yawa ɗan guntun sauti ne da bai taɓa tsayawa ya yi tunani a kansa ba. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Ba baƙon abu na zo muku da shi ba. Tun kafin ku san ƙofar makaranta kuke cewa kai, da haba, da kash, da wayyo, da tir, da yauwa, da oho. Kun kuma san wurin kowace ba tare da wani ya zaunar da ku ya koya muku ba. Ɗana, ka san za ka ce wa abokinka "kai!" ku rabu lafiya, amma bakinka ba zai iya faɗa wa mahaifinka ba. 'Yata, kin san idan mahaifiyarki ta kira ki "na'am" ake amsawa, kin kuma san abin da zai biyo baya idan kika ja tsaki a gabanta. Wannan hankalin da kuke da shi a Hausa nake so ku shiga da shi Turanci, domin a can ma waɗannan kalmomi suna da na manya da na tsara, suna da na baki da na takarda.

Kowace kalma a jimlar Turanci tana da abin da take riƙe da shi. Suna yana jiran aikatau, siffa tana jingine da suna, bayanau yana bin aikatau, mahaɗi yana ɗaure wannan da wancan. Kalmar motsin rai kuwa ba ta riƙe da kowa, ba kuma mai riƙe da ita. Kamar ɗan kamasho take a tashar mota: ba shi ne direba ba, ba ya cikin fasinjoji, mota za ta isa Funtuwa ko babu shi, amma muryarsa ce ke fara shiga kunnenka. Saboda haka gwajin gane ta mai sauƙi ne, cire ta ka gani. Idan aka ce *Oh, the shop is closed*, wato af, an rufe kanti, ka cire *oh*, jimla tana nan daram, labarin rufe kanti bai ragu ba, abin da ya ɓace kawai shi ne halin zuciyar mai magana. Ba ta ɗaukar jam'i, ba ta sauyawa da lokaci. Wanda ya taka ƙaya jiya da wanda zai taka gobe duk *ouch* ɗaya ce. Idan kuwa kuka ga an rubuta *the singer wowed them*, to *wow* ta bar gidansu ta koma aikatau, sai a yi mata hukuncin aikatau.

Masana ma sun sha fama da inda za su ajiye ta. Girkawan da suka fara raba kalmomi gida takwas cikin bayanau suka cusa ta. Malaman Latin ne suka ware mata gurbinta, su Donatus a ƙarni na 4 da Priscian a farkon ƙarni na 6. Harshensu ba shi da 'yar kalmar nan mai aikin *the*, sai kalmar motsin rai ta cike wurin, lissafi ya tsaya a takwas yadda yake. Daga gare su masu rubuta nahawun Turanci suka gada, shi ya sa har yau ita ce 'yar auta a jerin da ake sa ku haddacewa. Wanda ya yi karatun zaure kuma ya san Ajurrumiya gida uku ta raba magana, ismi da fi'ili da harafi, malaman Larabci kuma suka saka irin su amin da haihata da uffin a babin da suke kira ismul fi'ili. Ku ɗan tsaya a kan ta ƙarshen nan. A Suratul Isra'i, aya ta 23, an hana ɗa ya furta ta ga iyayensa, alhali ba zagi ba ce, ba ta ma kai jimla ba, ɗan sautin ƙosawa ne kurum. Wanda ya taso da wannan aya ba ya bukatar dogon bayani kafin ya yarda cewa guntun sauti yana da nauyi.

Wani masanin harshe ɗan ƙasar Gana, Felix Ameka, ya rubuta maƙala a 1992 inda ya nuna cewa kowane harshe yana da waɗannan kalmomi, amma su ne masana suka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Ya raba su biyu, rabon kuma zai amfane ku. Akwai na asali, waɗanda ba su da wata sana'a sai wannan, irin su *ouch* da *oops* da *phew* da *ugh*, tamkar wayyo da kash a wurinmu. Wasunsu ma ba su bin ƙa'idar ginin kalma: *shh* da *psst* ba su da wasali ko ɗaya, *tut-tut* kuma ƙoƙari ne na rubuta ɗan ƙarar da harshe ke yi idan ya saki bayan haƙora, ɗan'uwan tsakinmu ke nan. Sai kuma na aro, kalmomin yau da kullum da ake janyowa su yi wannan aiki na ɗan lokaci, irin su *well* da *great* da *goodness* da *dear*, kamar yadda mu ma muke ɗauko "kai" ko "Allah sarki" ko "ikon Allah".

A nan ne tarkon jarrabawa yake. Ɗalibi ya haddace jerin kalmomi, duk inda ya ga *well* sai ya ce motsin rai ce. To ga ta a wuri huɗu. *Well, I tried*, a nan motsin rai ce, daidai da "to, na dai yi iyakar ƙoƙarina". *She reads well*, a nan bayanau ce, ta iya karatu. *He is well*, a nan siffa ce, yana cikin ƙoshin lafiya. *They dug a well*, a nan kuwa suna ce, rijiya aka haƙa. Mai tsara tambaya ya san da wannan sarai, da gangan yake aza ta a gabanku. Ajin kalma a Turanci daga aikin da take yi a jimla ake gane shi, haddar jeri kaɗai ƙaramin sani ne, shi kuwa ƙuƙumi ne.

Alamomin rubutu ma suna da tsarinsu, ba su kuma da wahala. Idan motsin ran mai ƙarfi ne, a sa alamar motsin rai bayan kalmar, a tashi sabuwar jimla da babban baƙi: *Ouch! This pot is hot.* Idan mai sanyi ne, waƙafi ya isa, a ci gaba da ƙaramin baƙi: *Well, let us go.* Idan ta faɗo a tsakiya, a kewaye ta da waƙafi biyu: *The rain came, alas, too late.* Idan tambaya take yi, alamar tambaya ce tata: *You passed, eh?* Alama ɗaya kuma ta wadatar. Na san a waya kun saba jera uku ko biyar don a san da gaske kuke, amma hannu ba ya bambanta waya da takardar jarrabawa, abin da ya saba shi yake yi. A insha'in WAEC akwai kaso na musamman na tsabtar rubutu, wato alamomi da manyan baƙaƙe da rubuta kalma daidai, kowane kuskure kuma rabin maki yake ci. Na sha ganin ɗalibi mai kyakkyawan tunani ya ƙarar da wannan kason tun bai kai rabin shafi na biyu ba. Kun kuma san ba a shiga jami'a sai da kiredit a Turanci, rabin maki ɗin da ake rainawa shi ke sa wani ya sake zama a baɗi.

Kada ku haɗa kalmar motsin rai da jimlar motsin rai, don kowace da alamar a wutsiyarta. Idan Bahaushe zai yi mamakin hanya sai ya ce "wannan hanya da tsawo take!" Bature kuma ya ce *What a long road this is!* Wannan cikakkiyar jimla ce mai suna da aikatau, tana kuma da jerinta. *How kind she is!* yabo ne, *How kind is she?* tambaya ce. Musanya kalma biyu kawai ya raba su, ɗalibai da yawa kuma tambayar suke rubutawa su manna mata alamar mamaki.

Sai zancen wani, wato idan za ka ba da labarin abin da wani ya faɗa. Hausa tana da sassauci a nan, muna iya cewa "sai ya ce wayyo shi ya shiga uku", ba wanda zai ga laifi. Turanci ba ya yarda. Idan 'yan wasa suka ce *Hurrah! We have won*, ba a cewa *they said that hurrah*. Kalmar faɗuwa take yi, a ɗauke abin da ke cikinta a zuba shi cikin aikatau: *They shouted with joy that they had won.* Haka *alas* ke komawa "ya faɗa cikin baƙin ciki", *wow* ta koma "ya faɗa cikin mamaki". Wanda ya gane wannan ya gane asirin abin gaba ɗaya, domin ya nuna cewa duk abin da kalmar motsin rai ke faɗa, ana iya faɗarsa da cikakkiyar magana. A rubutu na hukuma kuma abin da ake so ke nan.

Idan an ce ku rubuta wa aboki wasiƙa, ko ku ba da labari mai hira a ciki, ƙofa a buɗe take, ɗan *oh* ko *well* a inda ya dace yana sa rubutu ya yi numfashi. Amma wasiƙa zuwa ga shugaban makaranta, ko editan jarida, ko takardar neman aiki, ko rahoto, ko taƙaitawa, ko kundin kammala digiri, waɗannan ba wurinsu ba ne ko kaɗan. An taɓa nuna mini takardar wani matashi mai kyakkyawan sakamako yana neman aikin koyarwa, ya buɗe ta da *Hi sir* da alamar motsin rai guda uku. Wanda ya karɓa bai karanta layi na biyu ba. Yaron bai yi nufin raini ba, so yake ya nuna sakin fuska, amma ba ya wurin balle ya yi bayani, takardarsa ce ta yi magana a madadinsa. Idan abu ya ba ka mamaki a rahoto, faɗi abin da ya faru da adadinsa, mai karatu zai yi nasa mamakin.

Akwai kuma masu kaucewa ta ɗaya ɓangaren, su ne masu son tsofaffin kalmomi. Sun ga *alas* da *lo* da *hark* a littattafan adabi, sai su ɗauka nan ne ƙarshen iya Turanci. Bature na yau idan ya ce *alas* a hira, yawanci raha yake yi. Ku kuma lura da *O* marar *h*: ita ta kira ce a addu'a da waƙa, daidai da "ya" da muke cewa a "ya Allah", ko yaushe kuma da babban baƙi ake rubuta ta. Ta mamaki da tuna abu ita ce *oh*.

Na daɗe a kan takarda, amma inda abin ya fi ciwo shi ne baki, don takarda ana gogewa, magana kuwa zarar bunu ce. Ɗana, *hey* ɗin da kake ji a finafinan Amurka ita ce "kai" ɗinmu. Tsakanin tsara ba komai, amma idan ka jefa wa malaminka ita a farfajiyar jami'a, to ka ce masa "kai", ko ka sani ko ba ka sani ba. Abin da ake cewa shi ne *Excuse me, sir*. Haka idan babba ya yi magana ba ka ji ba, *What?* tana da kaushi irin na "me?", abin da ke tsayawa a matsayin "na'am?" shi ne *Pardon?* ko *Sorry?* da ɗaga murya a ƙarshe. Ɗan sautin "sss" da muke kiran ɗan acaɓa ko mai rake da shi a bakin titi, a nan ba wanda zai ɗaga kai da fushi, amma ka yi wa ma'aikacin kanti a Landan ka ga yadda fuskarsa za ta sauya.

Mafi haɗari duka su ne *yes* da *no*, waɗanda littattafai da yawa ke lissafawa cikin wannan aji. A Hausa idan aka ce "ba ka ci abinci ba?" kai kuma ba ka ci ba, "eh" za ka ce, ko "awo" irin tamu ta nan yamma, ma'ana gaskiyarka, ban ci ba. Kana tabbatar da maganar mai tambaya ne. Turancin Ingila da Amurka ba ya kallon mai tambaya, abin da ya faru yake kallo: idan ba ka ci ba *no* ne, ko ta wace fuska aka juya tambayar, idan ka ci *yes* ne. Tsakaninmu 'yan Nijeriya abin yakan wuce, don kusan duk hanya ɗaya muke bi. Amma yanzu da yawanku kuna aiki ta intanet da mutanen waje. Wani tsohon ɗalibina mai zane a kwamfuta ya ba ni labarin yadda wanda ya ba shi aiki daga Turai ya tambaye shi *You didn't get the payment?* shi kuma ya amsa *Yes*, yana nufin eh, ban samu ba. Mutumin ya fahimci kuɗi sun shiga, ya rufe zancen. Sai da aka yi ta kai da komo kafin a warware. Ku auna da a ce likita ne ke tambaya kan magani, ko jami'in biza. Maganin abin ba shi da tsada: kada ku bar kalmar ta tafi ita kaɗai, ku raka ta. *No, I didn't. Yes, I did.*

Sai *sorry* da *well done*, waɗanda nake jin tausayinsu, don kyakkyawar tarbiyya ce ta haife su. Muna da "sannu", kalmar da Turanci ba shi da kwatankwacinta, sai muka ɗora wa *sorry* nauyinta. Mutum ya yi tuntuɓe mu ce *sorry*, ya yi atishawa mu ce *sorry*. Bature kuwa idan ya ji *sorry* ita kaɗai a irin wannan wuri, yakan ɗauka haƙuri kake ba shi, sai ya ce ai ba laifinka ba ne. Shi a wurin tuntuɓe *Oh dear* ko *Are you all right?* yake cewa, a wurin atishawa kuma *Bless you*. Haka "sannu da aiki" muka mayar da ita *well done*, alhali a can yabo ne da ake yi bayan an gama aiki, yawanci kuma daga sama yake saukowa, malami ga ɗalibi, uba ga ɗa. Ƙaramin ma'aikaci ya shiga ofis ya ce wa shugabansa Bature *well done* yana tsakiyar rubutu, sai ya zama kamar shi ke duba masa aiki. Ban ce ku daina ba. A Gusau da Legas da Inugu kowa ya san abin da kuke nufi, Turancinmu ne, yana da 'yancinsa. Ku dai san da wa kuke magana. Idan ka je gari ka ga kowa da wutsiya, sai ka nemi tsumma ka ɗaura.

Akwai wani abu da ke sa ni sunkuyar da kai idan na wuce filin ƙwallo da yamma. Yaro mai ladabi, wanda ba zai taɓa yin ashar da Hausa ba, ƙwallo ta kuɓuce masa sai ka ji ya saki kalmar nan mai farawa da *f* ko mai farawa da *sh*, waɗanda ba zan rubuta su a nan ba. Ya ji su a fim da waƙa, ya ɗauka "kash" ce ta Turawa. Da za a fassara masa su da Hausa a gaban jama'a, da ya nemi inda zai ɓuya. Harshen da ba naka ba yana ɗauke maka kunyar kalma, don ba ka jin zafinta, amma mai harshen yana ji. Har ma masu kama da marasa laifi suna da tushe: *gosh* sassauta sunan Allah ne a Turance, *gee* da *jeez* daga sunan Yesu aka gutsuro su, *heck* daga sunan wuta, *darn* daga kalmar tsinuwa. Turawan da ne suka lanƙwasa su don gudun ambaton abin kai tsaye. Ya kamata mutum ya san abin da ke fita daga bakinsa kafin ya zaɓa. Kuma ba dole ba ne ka yi aro a nan. Musulmin Birmingham yana tsakiyar Turanci yake cewa subhanallah da alhamdu lillah, ba wanda ya ce Turancinsa ya karye.

'Yata, ke kuma ga taki, ko da yake 'yan'uwanki maza ma ba su tsira ba. Ranar kare kundi ko ranar intabiyu, tsoro yakan cika baki da *um* da *er* da *you know* da *as in* da *like*, kamar yadda wani a Hausa ba ya iya jimla biyu ba "ka gane" ko "wato". Kaɗan daga ciki ba aibi ba ne, kowane ɗan Adam yana yi, har masu karanta labarai. Idan suka yi yawa ne mai sauraro ke daina jin hujjarki ya koma ƙirga su. Ki ɗauki muryarki a waya kina bayanin aikinki, ki saurara, za ki gane wacce ce taki. Duk inda ta zo fita, ki yi shiru na numfashi ɗaya. Shirun yana yi miki tsawo ne ke kaɗai, masu sauraro natsuwa suke gani.

Kada kuma wannan ya sa ku zama gumaka a hira. Akwai 'yan kalmomin da mai sauraro ke jefawa don mai magana ya san ana tare, mu muna cewa to, na'am, haka ne, ƙwarai, su kuma suna cewa *I see* da *right* da *uh-huh*. Idan ka yi tsit a waya, Bature zai ɗauka layi ya yanke. Sai dai a kula, *uh-huh* amincewa ce, *uh-uh* kuwa ƙi ne, ɗan huci ne kawai a tsakaninsu. Ita kanta *oh* murya ce ke ba ta ma'ana: a ja ta sama ta zama tambaya, a sauke ta ta zama "af, na gane", a ja ta da tsawo ta zama takaici. Wannan ba a koyonsa a littafi, sai da kunne.

A 2013 wasu masana a cibiyar Max Planck da ke Nijmegen a ƙasar Holan, Mark Dingemanse da abokan aikinsa, sun gano cewa ɗan sautin da mutum ke yi idan bai ji magana ba, wanda Bature ke rubutawa *huh*, kusan iri ɗaya ne a harsuna 31 da suka duba. Amma irin wannan ba su da yawa. Kalmomin motsin rai koyonsu ake yi, har kukan zafi: wuta ɗaya za ta ƙona mutum uku, Bature ya ce *ouch*, Bafaranshe ya ce *aïe*, Bahaushe ya ce wash. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Don haka babu abin kunya idan "wayyo" ta kuɓuce maka kana cikin Turanci. 'Yan kudu ma sun ari "haba" da "kai" da "wallahi" daga wurinmu suna ta amfani da su. Babban ƙamus na Oxford ma ya karɓi kalmomin Nijeriya, ya shigar da *Kannywood* da *okada* a 2020, daga baya ya ƙara da *abi* da *suya*.

Sai dai shiga ƙamus ba ya nufin kalma ta samu izinin shiga ko'ina. *OK* da wasa ta fara a wata jaridar Boston a 1839, yau duniya duka na faɗarta, amma har yanzu mai rubuta rahoto na hukuma yakan kauce mata. *LOL* da *OMG* sun shiga Oxford tun 2011, ba kuma wanda zai sa su a takardar neman gurbin karatu ya ga da kyau. Ƙamus mai kyau ba ma'ana kaɗai yake bayarwa ba, yana rubuta wa kalma matsayinta a gefe, ko ta hira ce, ko tsohuwar yayi ce, ko ta batsa ce. Ƙamus ɗin ɗalibai na Oxford, wanda A. S. Hornby ya assasa, yana yin haka, ana kuma iya duba shi kyauta ta intanet a wayoyin da ke hannunku. Yawancinku ma'anar kuke karantawa ku tsallake wannan 'yar alamar, ita kuwa a wannan babi ta fi ma'anar amfani.

Abin da nake roƙonku kaɗan ne. Idan kuna kallon fim ko sauraron BBC ko karanta labari, kuka ji ɗaya daga cikin waɗannan kalmomi, ku lura da wanda ya faɗe ta, da wanda aka faɗa wa, da wurin da aka faɗa. Wadda ba ku san takwararta a Hausa ba, ku bar ta tukuna har ku tambaya. Duk takardar da za ta je hannun wanda ya girme ku ko wanda zai yanke hukunci a kanku, ku sake karanta ta kafin ku miƙa, ku cire kowace kalmar motsin rai, ku mayar da alamarta aya. Idan kuma kun shiga ofishin malami gobe, ku gaishe shi da Turanci da irin ladabin da za ku gaishe shi da Hausa. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku sa'ar jarrabawa.